Murfin Tankin da Na Rantse Na Gani

Kun sha tambayar uwarku abin da ya tashe mu daga unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi ya mai da mu Argungu, ita kuma takan ce muku idona ne ya raunana na ajiye tuƙi. Rufin asiri ta yi mini, Allah Ya saka mata da alheri. Idona garau yake a lokacin, yau ma ni nake zura mata zare a allura. Korata aka yi, kuma da ƙafata na kai kaina inda za a kore ni. Na ga gara ku ji daga bakina tun ina da rai, domin akwai mutumin da na ɗora wa suna a wannan shekarar, kuma har gobe ban gama sauke masa shi ba.

Shekara goma sha tara na yi ina tuƙa Alhaji Mamman, mai injin casar shinkafa, wanda gidansa ke unguwar Gesse, gonakinsa kuma suna fadamar Argungu. Mutum ne mai kyauta, ba ya zagi, amma ba ya son sakaci ko na ƙwayar zarra. Ni kuwa a lokacin ina ji da kaina. Duk motar da ya saya na san ta ciki da waje, daga kukan inji kawai nakan gane abin da ke damunta kafin bakanike ya buɗe ta. Sai ga babban ɗansa ya kawo masa wata baƙar mota 'yar Kwatano, doguwa, wadda ba a murɗa mata makulli sai dai a danna maɓalli. Ina tsaye ina zagaya ta ina sa albarka, na ji ɗan yana ce wa ubansa:

"Baba, motag ga sai an nemo direba ɗan zamani. Duk na'ura ta."

Alhaji ya dube ni, ya ce:

"A bar Garba shi gwada."

Kalmar nan ta gwadawa ita ta hana ni sakat. Bayan shekara goma sha tara, ashe gwada ni za a yi. Washegari ɗan ya koma Kaduna inda yake aiki, bai nuna mini komai ba, ni kuma girman kai bai bar ni na tambaye shi ba. Na shiga motar nan ina taɓa kowane maɓalli da tsoro, ina jin idon Alhaji a ƙeyata ko da shi yana can baya yana jan carbinsa. Kuna makaranta ku huɗu, ga Inna mahaifiyata a ɗakinta idonta ya kusa rufewa, gidan da muke ciki kuma ba namu ba ne. Abin da na sa a raina shi ne, kuskure ɗaya tak ya isa a ce Garba ya tsufa.

Rana ta huɗu muka tashi zuwa Argungu duba shinkafa. Muka biya gidan man da ke bakin hanya, inda Alhaji ke sayen man injinansa duka, don haka ana girmama shi a wurin. Mai zuba mana mai kullum shi ne Bala, mutum mai 'ya'ya biyar, siriri, mai yawan murmushi, wanda na sani fiye da shekara goma. Bisa al'adata nakan fito in buɗe tanki da hannuna, in tsaya a kai har a gama. Ran nan ban fito ba, ina fama da gilashin da na sauke ya ƙi hawa. Bala ya zuba mai, ya buga rufin mota da tafin hannu alamar an gama, muka wuce.

A Argungu Alhaji ya shiga gona da mutanensa, ni kuma na tsaya gindin mangwaro ina goge mota. Tsummana ya danna ƙaramar ƙofar tanki, ta buɗe. Na leƙa. Babu murfi. Rami ne kawai da wani baƙin abu a cikinsa. Na duƙa na duba ƙarƙashin mota, na bi sawun taya har bakin titi ina dube-dube kamar wanda ya yar da allura, zufa tana keto mini. Kwana huɗu da mota, har an rasa murfin tanki a hannuna. To, kowane direba na zamaninmu ya san abin da ake yi idan murfi ya ɓace: a sami leda da tsumma a murɗa, a toshe bakin, kada ƙura ta shiga, kada mai ya tsiyaye. Haka na yi. Na yagi tsummana, na naɗe shi da leda, na sa tsinke mai kauri na tura. Na ji wani abu ya buɗe a ciki, sai na ƙara turawa don ya zauna da kyau. Na rufe ƙofar ina addu'ar kada Alhaji ya lura kafin in nemo wani a kasuwa.

Ba mu yi nisa da Argungu ba ya ɗaga kai ya ce:

"Garba, mi ka warin mai haka?"

Da na ce masa ban sani ba, da magana ta ƙare a nan. Amma tsoro ya riga ya kama harshena.

"Ranka shi daɗe, murhin tanki na babu. Tun da munka sha mai ban sake ganinai ba."

Ku lura da yadda na ƙulla maganar. Ban ce Bala ya ɗauka ba, amma na ajiye ta daidai ƙofarsa. Da muka shigo Birnin Kebbi, Alhaji ya ce in tsaya gidan man nan.

Bayan la'asar ne, wurin cike yake. Motoci sun yi layi, 'yan kabu-kabu sun kewaye famfo, ga masu tallar rake da ruwan leda. Manaja ya fito da sauri da ya ga motar Alhaji, aka kira Bala. Ya zo yana goge hannu, da murmushinsa, har ya gaishe ni. Da aka gaya masa abin da ya faru sai ya ce:

"Alhaji, ai motag ga ba ta da murhi. Haka nis same ta. Na tura bakin famfo yash shige, da niz zare abin yar ruhe da kainai."

Wurin ya kwashe da dariya. Wani ɗan kabu-kabu ya ce shi dai bai taɓa jin ɓarawon da ya yi wa mutane irin wannan rainin hankali ba. Ni ma raina ya ɓaci da gaske, domin a sanina babu motar da za a ƙera a manta da murfin tanki. Manaja ya juyo wurina ya ce:

"Malam Garba, kai ka tuƙin motar. Ka ga murhin ko ba ka gane shi ba?"

Kowa ya zuba mini ido. Alhaji yana kallona ta gilashi. Idan na ce ban taɓa dubawa ba, to na tabbatar da kaina direban da ya yi kwana huɗu da mota bai san bakin tankinta ba. Sai na ɗaga murya yadda na bayan layi ma zai ji, na ce:

"Wallahi tallahi na gan shi da idona yau da sahe, da nika wankin mota."

Ban gan shi ba. Ko ƙofar tankin ban buɗe ba da safen nan. Na gaya wa kaina cewa tunda dole akwai murfi, rantsuwata ba ta kauce ba. Nan take manaja ya sa Bala ya tuɓe rigar aiki a gaban jama'a, ya ce kada ya sake ganin ƙafarsa a wurin. Bala ya tsaya da 'yar shara a jikinsa, bai yi gardama ba, bai zagi kowa ba. Ni kawai ya duba, ya ce:

"Malam Garba, ka dai ƙara tunawa."

Kwana uku ina yawo wurin masu kayan mota neman murfi. Duk wanda aka ɗauko sai a ga babu inda zai kama, bakin tankin sumul yake, ba shi da zaren da ake murɗawa. Tun daga nan jikina ya fara sanyi, amma na ƙi sauraron zuciyata. Ana haka wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gabana ta ƙi mutuwa, warin mai kuma bai daina ba. Na faki idon Alhaji na kai motar garejin Isiya, bakaniken da ya iya sababbin motoci, mai jona musu na'ura ta gaya masa ciwonsu. Ya buɗe ƙofar tanki, ya ga aikina, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya sa siririyar waya ya zaƙulo guntun tsumman da ya maƙale can ciki, sannan ya haska mini da fitilar wayarsa.

"Baba Garba, duba nan. Irin waɗanga ba a yi musu murhi. Ƙyaure na ciki, guda biyu, da ƙarhe mai mai da su. Bakin famfo ka buɗe su, in an zare su koma su ruhe gam, ko iska ba ta hita. Tsummanka na yah hana na cikin ruhewa, shi yas sa hitila tak kama."

Ya zagaya bayan mota ya buɗe but, ya ɗaga shimfiɗar da ke kan safayar taya, ya ciro wani ɗan farin mazurari na roba. Ya ce idan mai ya ƙare a hanya aka sayi na galan wurin 'yan bumburutu, da wannan ake zubawa, domin ba kowane baki ne ƙyauren ke yarda da shi ba. Yana ta bayani, ni kuwa ba na jin komai sai muryar Bala tana cewa haka ya same ta. Na zauna a kan wata tsohuwar taya. Isiya ya zaci kunyar tsumma ce ta kama ni, ya ce:

"Kak ka damu, Baba. Ba ni gaya ma kowa."

Ya kuwa cika alkawari, abin da ya ƙara mini nauyi ke nan. Babu wanda ya sani, babu mai tona ni. Da Alhaji ya tambaye ni ko an sami murfi, na ce masa an gyara, ya ce madalla. Na canza gidan mai, in za a zuba sai in fito in kare bakin tankin da jikina kada wani mai zuba mai ya yi magana Alhaji ya ji. Duk lokacin da wayar Alhaji ta yi ƙara na ji ya ambaci sunan ɗansa na Kaduna, sai in kasa kunne, ina jiran a yi zancen murfi. Abinci ya daina shiga. A sallah sai in rasa raka'a ta nawa nake, domin da na ɗaga hannu sai in tuna da sunan Wanda na rantse da Shi.

Uwarku ce ta fara tsare ni, wata safiya bayan kun tafi makaranta. Na gaya mata komai a tsakar gida, ban san Inna tana jinmu daga bakin ƙofarta inda take ɓarar gyaɗa ba. Uwarku ta dubi ɗakunan hayar nan, ta ce:

"Malam, in ka hwaɗa ma Alhaji, ina za mu da ɗiyan ga? Ka roƙi Allah gahwara, ka yi azumin kaffara, sannan ka nema ma bawan Allan nan wani aiki a ɓoye. Ai an gyara ke nan."

Kada ku ga laifinta. Tsoron da ya sa ni rantsuwa shi ne ya sa ta faɗi haka, ita kuma ba ta cuci kowa ba. Na karɓi shawararta hannu biyu, domin ita nake son ji. Na je wani gidan mai can hanyar fita gari inda na san manajan, na ce ina da mutum mai gaskiya, ya daɗe yana aikin famfo, sunansa Bala. Manajan ya dube ni ya ce:

"Wane Bala? Ba dai Bala Murhi ba? Haba Malam Garba, ka rasa wanda za ka kawo man sai shi?"

A nan na fara jin sunan. Cikin mako uku ya zagaye gidajen man garin, har wanda bai san fuskarsa ba ya san Bala Murfi. Na koma gida ina jan ƙafa. Inna ta kira ni, ta ce in zauna kusa da ita. Ba ta yi mini faɗa ba, hannunta ma bai daina ɓarar gyaɗa ba.

"Garba, shi yaron nan da kac ce ya yi sata, yana da uwa?"

Na ce yana da ita, tana Argungu.

"Tana ji da kunnenta?"

Na ce tana ji.

"To, ta ji abin da aka ce ma ɗanta ke nan."

Washegari da safe na ɗauki mazurarin nan na shiga falon Alhaji, na durƙusa, na ajiye shi a gabansa. Na gaya masa motar ba ta taɓa yin murfi ba, Bala gaskiya ya faɗa, ni kuma ban ga komai ba ranar da na rantse. Ya daɗe yana juya mazurarin a hannunsa. Ba abin da nake ji sai ƙarar fanka.

"Garba, da ka ce ba ka sani ba, da dariya za mu yi, ni da kai. Ni ma ban sani ba."

Na ce haka ne, ranka ya daɗe.

"Shekara goma sha tara ina barci bayanka cikin mota, don na yarda abin da kac ce ka gani, ka gani. Kuma da bakinka anka tuɓe ma mutum riga saboda ni. Aje makullin."

Na ajiye. Bai wulaƙanta ni ba, ya sallame ni da mutunci, har ya sa aka kai mana kayanmu Argungu da motar shinkafarsa, inda ƙanena ya ba ni gefen gonarsa. A ranar ya kira manaja ya gaya masa a mai da Bala bakin aikinsa. Sai dai Bala ya riga ya kwashe iyalinsa ya bar Birnin Kebbi.

Na same shi a fadamar Argungu yana ban ruwan albasar wani ɗan'uwansa, ƙafafunsa cikin laka, ya ƙara ramewa. Na tsaya a kan kunyar gona na faɗi abin da ya kawo ni. Ya kashe injin ban ruwa, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce:

"Na san rana za ta zo da wani zai gane. Ban zaci kai na za ka zo ba."

Na roƙe shi gafara, na ce aikinsa yana jiransa.

"Tsakanina da kai na yahe, Malam Garba. Amma ba ni iya komawa in tsaya inda anka tuɓe man riga. Abu guda nika so. Ka koma wurin, bayan la'asar, ka hwaɗi wagga da irin muryad da kaf hwaɗi waccan."

Na koma. Na zaɓi lokacin da ya ce, na tsaya daidai inda na tsaya a da, na ɗaga murya na ce ni Garba direba na yi rantsuwar ƙarya, Bala bai ɗauki komai ba, motar ce ba ta da murfi. Ranar babu layi. Mota biyu ce a wurin da ɗan kabu-kabu ɗaya, shi ma hankalinsa yana kan lita. Mai ɗaya motar ya danna mini oda in kauce masa. Ranar da na yi ƙarya mutanen da suka ji sun fi ƙarfin ƙirga, suka kai ta gida-gida. Ranar da na faɗi gaskiya, manaja ne kawai ya gyaɗa kai ya koma ofis. Na maimaita a masallacin unguwar su Bala, na bi gidajen mai ina faɗa, wasu su ce Allah Sarki, wasu su yi dariyar tsumman da na cusa, domin shi ya fi musu daɗin ji.

Yau irin motocin nan sun yi yawa, kowane mai zuba mai ya san su, babu wanda zai yi wa Bala dariya da ya faɗi maganarsa yanzu. Mun zauna gari ɗaya da shi shekaru, muna gaisawa a kasuwar albasa, bai taɓa tayar mini da zancen ba. Bara Allah Ya yi masa rasuwa. Ina zaune a wurin ta'aziyya a ƙofar gidansa, kusa da babban ɗansa, sai ga wani baƙo ya sauka daga babur yana tambaya ko nan ne gidan Bala Murfi. Na ga ɗan ya sunkuyar da kai. Na tashi na ja mutumin gefe, na gaya masa labarin tun daga farko, na ce ni ne na yi ƙaryar. Ya saurare ni da ladabi, ya ce Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Sannan wayarsa ta yi ƙara, abokan tafiyarsa ne suka ɓace hanya, na ji yana ce musu su biyo ta bayan masallaci, su tambayi gidan Bala Murfi, kowa ya sani.

Sunansa Malam Bala. Duk inda kuka ji an kira shi da wancan, ko an kira 'ya'yansa da shi, ku tsaya ku gyara, ku ce ubanku ne ya yi ƙarya.